Rawaya, zogale da lafiyar hanta: tambayoyi da amsoshi

A Maradi, da zarar idon mutum ya yi ɗorawa sai a ce shawara ce, a aika yaro wajen mai magani ya sayo saiwar rawaya a jiƙa. Yanzu kuma ga saƙonni na yawo a WhatsApp, wai masana sun tabbatar zogale da zoɓo suna wanke hanta. Ga tambayoyin da aka fi yi a kai.

Wace guba ce ke cin hanta tun farko?

Kusan duk abin da aka haɗiye sai ya ratsa ta hanta, ita ke tace shi. Ɗauki parasitamol. Babba ba ya wuce giram 4 a yini, wato ƙwaya 8 masu miligiram 500. Hanta tana juya ɗan kaɗan daga cikinsa ya zama sinadari mai ƙuna, ta kuma kashe kaifinsa da wani sinadarin nata mai suna gulutatayon. In an zarce, nata ya ƙare, gubar ta afka wa namanta. Mai zazzaɓi kan sha parasitamol, ya ƙara da maganin mura na ƴan talla, bai san shi ma parasitamol ne a ciki ba.

Wadda ta fi damuna ita ce ta gyada. Gyadar da aka tara da danshi takan yi fumfuna mai fitar da gubar afalatoksin. Ka fasa kwanso ka ga ƙwayar ta yamutse, ta yi kore-kore, ga ɗaci: ita ce. Suya ba ta kashe wannan guba, tana bi har cikin ƙuli-ƙuli da tunkuza. Idan ta haɗu da ciwon hanta nau'in B, haɗarin kansar hanta yana ninkuwa sosai.

Da gaske an gwada tsirran nan?

An gwada, a jami'o'in Najeriya da Mali da Indiya da sauransu. A tatso sinadaran rawaya ko zogale ko sabara, a ɗura wa ɓeraye na wasu kwanaki, sannan a ba su guba da gangan, galibi kabon tetarakulorayid ko parasitamol mai yawa. Sai a auna wasu sinadarai biyu, ALT da AST, a jini, waɗanda ke hauhawa idan hanta ta ji rauni. Sau da yawa ɓerayen da suka sha tsiron sukan fi sauran sauƙi. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ya nuna kakanninmu ba da ka suka zaɓi itatuwan ba.

To me zai hana in jiƙa in sha?

Ɓeran nan an auna nauyinsa, an auna abin da aka ba shi, an kuma ba shi tun kafin gubar ta shiga. Mai shawara kuwa hantarsa ta riga ta kamu. Sau da yawa ma da alkwal ake tatsar sinadarin, ba da ruwan randa ba. Jiƙon da ke cikin gora ba wanda ya san ƙarfinsa. Sassaƙen rani daban, na damina daban. Zogale a kwaɗo abinci ne mai albarka, a ci. Amma kiransa maganin ciwon hanta sai an gwada a jikin mutane.

Akwai tsiron da ya kai asibiti?

Akwai. Daga wata ƙaya ta yankin Bahar Rum ake samun sinadarin silimarin, kuma a Turai ana ɗura wani sashensa ta jijiya ga wanda ya ci naman kaza mai dafi, wato tsiron laimar kwaɗi. A Mali, sashen maganin gargajiya na Bamako ya tsara ganyen geza a ma'auni, ana sayar da shi da sunan Hépatisane. Irin wannan aikin nake fata Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi ta rungume tare da masu maganinmu.

Tsiro zai iya lalata hanta?

Ƙwarai. A arewacin Indiya an danganta mutuwar yara da cin ƴaƴan rai-ɗore, ya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. A Italiya a 2019 mutane sun kamu da kumburin hanta bayan shan ƙwayoyin kurkum masu ƙarfi. Man ƴaƴan dogon yaro ya illata jarirai. Haɗin da ba a faɗi abin da ke ciki ba, shi ne abin gudu.

Idan ido ya riga ya yi ɗorawa fa?

A je a yi gwajin jini. Shawara alama ce, tana iya zama zazzaɓin cizon sauro, sikila, toshewar matsarmama ko ciwon hanta nau'in B, kuma kowanne da maganinsa. Nau'in B ana danne shi da tenofobir, yara kuma rigakafinsa na cikin allurar penta. A faɗa wa likita duk jiƙon da aka sha, ba abin kunya ba ne. Wanda ya zarce da parasitamol kuwa kada a tsaya jiran alama: akwai makarinsa, asetilsistin, kuma ya fi aiki cikin awa 8 na farko.