Sake cika harsashi a gida: inda dokar Amurka ta yarda da inda ta hana

A Amurka, masu farauta da masu gasar harbi da yawa ba sa zubar da kwanson harsashi bayan sun harba. Tattarawa suke yi, su sayi albarushi da dalma da ɗan makunnin da ke gindin kwanson, su sake haɗa harsashi a gareji. Wasu don rage kashe kuɗi suke yi, wasu don su sami harsashin da ya fi dacewa da bindigarsu. Dokar tarayya ba ta hana ba, kuma mai yi don amfanin kansa ba ya buƙatar lasisi.

Lasisi yana shigowa ne idan abin ya zama sana'a. Dokar Kula da Bindigogi ta 1968 ta ce duk wanda zai riƙa ƙera harsashi don sayarwa da neman riba sai ya samu lasisi daga hukumar ATF, mai kula da harkar barasa da taba da bindigogi da abubuwan fashewa. Lasisin nau'i na 06 ne, kuɗinsa dala 30 na shekara uku. Kuɗin kam ba wani abu ba ne, amma akwai harajin kashi 11 cikin ɗari a kan harsashin da aka ƙera aka sayar, kuma tun 1937 ake zuba wannan haraji a aikin kare namun daji.

Inda mutane suka fi faɗawa tarko shi ne ma'anar da doka ta ba harsashi. A wurinta, ba cikakken harsashi kaɗai ba ne. Kwanso, da makunni, da dalmar, da albarushin da aka yi don bindiga, kowanne shi kaɗai harsashi ne. To akwai mutanen da aka haramta wa riƙe bindiga ko harsashi: wanda kotu ta kama da laifin da hukuncinsa ya kan wuce ɗaurin shekara ɗaya, wanda aka taɓa hukuntawa kan cin zarafin iyalinsa, mai shan ƙwayoyin da aka haramta, da wanda ke zaune a ƙasar ba bisa ƙa'ida ba. Har wanda ya shiga da bizar karatu ko ta ziyara yana cikinsu, sai in ya cika wani sharaɗi, kamar mallakar lasisin farauta na wata jiha. Irin wannan mutum, ko buhun kwansuna marasa komai a ciki aka samu a ɗakinsa, ana iya gurfanar da shi. Ɗalibanmu da ke can su lura da wannan kafin wani aboki ya ba su ajiya.

Sai batun ajiya. Garuruwa da yawa suna bin ƙa'idojin ƙungiyar kare gobara ta NFPA. Albarushin zamani, wanda ba ya hayaƙi sosai, ana iya ajiye kusan kilo 9 a gida cikin mazubinsa na asali. In ya wuce haka, har zuwa kilo 22 da ɗoriya, sai a cikin akwatin katako mai kaurin inci ɗaya aƙalla. Me ya sa katako? Saboda idan gobara ta tashi, katako yana jinkirta zafi kuma yana buɗewa, alhali akwatin ƙarfe da aka rufe gam zai tara matsi har ya tarwatse. Makunni kuwa iyakarsa 10,000. Gidan waya na gwamnati ba ya ɗaukar waɗannan kaya sam.

Jihohi ma suna da nasu. A Massachusetts, sai mutum yana da takardar izinin bindiga kafin ya riƙe ko da kayan haɗin. Haka ma wasu ƙasashen: a Birtaniya, dokar 2006 ta wajabta nuna takardar izinin bindiga kafin a sayar wa mutum makunni. Jamus ta fi tsauri, don sai an yi kwas an ci jarrabawa an karɓi izini a ƙarƙashin dokar abubuwan fashewa.

Bidiyoyin wannan aiki sun cika YouTube, kuma ana kallonsu a Kano da Zariya, amma dokar Amurka ba ta aiki a nan. Dokar Bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta hana ƙerawa ko haɗa harsashi sai a ma'ajiyar makaman gwamnati ko masana'antar da aka kafa wa sojoji, irin DICON ta Kaduna da aka kafa a 1964, kuma hukuncin ɗauri ne mai tsawo. Ko bindigar toka da maharba ke ɗura wa albarushi ta baki, doka ta ba kwamishinan 'yan sanda na jiha ikon hana riƙe ta sai da lasisi.