Ma'anar "rikicin addini": shin yaƙi zai ƙare idan aka kawar da addini?

Tun daga ƙarshen watan Oktoban 2025, lokacin da shugaban Amurka Donald Trump ya mayar da Najeriya cikin jerin ƙasashen da gwamnatinsa ke zargi da tauye 'yancin addini, kalmar "rikicin addini" ta sake cika gidajen rediyo da shafukan Facebook, har ta kai ga duk kisan da aka yi a Filato ko Binuwai ko kudancin Kaduna ana liƙa masa wannan suna tun kafin a yi jana'izar mamatan. Wata magana kuma ta biyo bayanta, wadda wasu matasanmu ke ta maimaitawa, wai da za a wayi gari babu addini a duniya, da yaƙi ya ƙare kowa ya huta. Wannan magana ta biyu daga ta farkon ta fito, domin wanda kullum ake gaya masa cewa addini ne ya haddasa kowace fitina, ba abin mamaki ba ne ya ɗauka cewa kawar da addinin shi ne magani.

Rikicin addini shi ne wanda abin da ake jayayya a kansa aƙida ce, ko ibada, ko wani hukunci na addini, ta yadda da za a cire wannan jayayya babu sauran abin da zai haɗa mutanen faɗa. Akwai irinsa, kuma ba na cikin masu musun haka don kare martabar addini. Tarzomar Maitatsine a Kano cikin Disambar 1980, wadda ta ci rayuka fiye da 4,000, aƙida ce ta tayar da ita. Haka Boko Haram tun daga 2009, haka kuma rikicin Kaduna na shekarar 2000 a kan batun shari'a. Abin da ke damuna shi ne yadda ma'aunin ya sauya a bakin masu sharhi. Yanzu sunaye kawai ake dubawa: idan wanda aka kashe Bitrus ne, wanda ake zargi kuma Musa, an gama bincike. Amma sunaye suna gaya mana waɗanda suka yi faɗa ne kawai, ba sa gaya mana abin da ya haɗa su. Rikicin Zangon Kataf na 1992 ya faro ne daga batun sauya wa kasuwa matsuguni, a ƙarƙashinsa kuma akwai tsohuwar jayayyar ƙasa da sarauta. Na Jos a Nuwambar 2008 ya ɓarke ne a kan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa. A duka biyun an ƙona masallatai da coci-coci, kuma addini ya taimaka wajen kai wutar inda ba ta isa ta kai ba, amma kasuwa da kujerar mulki suna nan ko da addini ko babu.

Mu mutanen Katsina ya kamata mu fi kowa saurin gane wannan, saboda tarihin garinmu ya ishe mu darasi. Musulunci ya zauna a fadar Katsina tun zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15, hasumiyar Gobarau tana nan tsaye tana shaida, garin kuma ya fitar da malamai irin su Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina tun a ƙarni na 17. Duk da haka Katsina da Kano, waɗanda sarakunansu ke fuskantar alƙibla ɗaya, sun daɗe suna gwabza yaƙi a tsakaninsu, abin da ke gabansu kuwa shi ne wa zai riƙe bakin hanyar fataken da ke ratso Sahara. Da jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zo a 1804, wannan kam yaƙi ne da aka ɗaga tutarsa da sunan gyara addini, kuma waɗanda suka yi shi da gaske suke. Amma mai karanta rubuce-rubucen Shehu zai ga cewa cikin laifuffukan da ya lissafa wa sarakunan Hausa akwai jangali da sauran harajin zalunci, da ƙwace dukiyar talakawa, da karɓar gaisuwa kafin a yi wa mutum adalci. Har ma a wancan zamani ba a rasa mai tambaya ba, domin Shehu Muhammad al-Amin al-Kanemi na Borno ya yi musayar wasiƙu da Muhammadu Bello yana neman hujjar yaƙar mutanen da suke salla, suna azumi, suna ba da zakka. Malamai biyu da suke tsakiyar yaƙin ba su ɗauki sunan da za a ba shi da wasa ba, sun yi ta kawo hujja suna warware hujja, mu kuwa yau cikin daƙiƙa kaɗan mai gabatar da shiri ke yanke hukunci.

Abin da ya biyo bayan jihadin ya fi ƙarfafa wannan batu. Bayan Ummarun Dallaje, mai riƙe da tutar jihadi, ya karɓi Katsina, zuriyar tsofaffin sarakuna suka koma arewa suka kafu a Maraɗi, suna ci gaba da kiran kansu sarakunan Katsina, kamar yadda na Daura suka koma Zango da Ɓaure. Daga nan aka shafe shekaru masu yawa ana kai hari ana ramawa, musamman zamanin sarkin Maraɗi Ɗan Baskore, ana kore shanu, ana kama bayi, ana ƙona garuruwa, talakan ƙauye yana kwana bai san ta ina dawaki za su ɓullo ba. A ɓangarorin biyu akwai liman, akwai alƙali, akwai makarantar allo. Abin da ake nema gadon sarauta ne da ganima da hanyar ciniki. Wanda yake ganin har yanzu akwai ɓurɓushin bambancin aƙida a wannan, to ya dubi basasar Kano da ta ɓarke a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, wato magoya bayan ɗan'uwansa Yusufu. Jikokin Ibrahim Dabo ne dukkansu, gida ɗaya, mazhaba ɗaya, tutar Sakkwato ɗaya, amma suka zubar da jinin juna a kan wa zai hau gado, har aka biyo Tukur cikin ƙasar Katsina aka ci shi da yaƙi a Tafashiya a 1895. Ban san wane addini za a cire daga wannan labari ya zama ba a yi yaƙin ba.

Ba sai mun koma tarihi ba ma. Mutanen Batsari da Jibiya da Safana da Faskari da Ɗanmusa sun shafe shekaru suna biyan kuɗin fansa, wasu suna biyan haraji ga 'yan bindiga kafin su girbe gonakinsu. Ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara fiye da 300 da aka kwashe a Disambar 2020 'ya'yan Musulmi ne, waɗanda suka kora su daji su ma sunayen Musulmi gare su. Babu wanda ya kira wannan rikicin addini, saboda sunayen ba su ba da dama ba, sai aka tilasta mana duba ainihin dalilai: cinye burtali da makiyaya, satar shanu, ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da mazauna daji, makaman da suka kwararo bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011, da kotunan da talaka ya daina sa rai da su. Da yawa daga cikin waɗannan dalilai su ne dai a Binuwai da Filato, sai dai a can manomi Kirista ne, makiyayi Musulmi, sai aka sauya wa cutar suna.

Su kuwa masu cewa a kawar da addini, an riga an gwada abin da suke fata, kuma ba a daɗe ba. Tarayyar Sobiyet ta rufe coci-coci da masallatai, amma a zamanin Stalin miliyoyin mutane suka mutu ta hanyar kisa da sansanonin aikin dole da yunwa. A Kambodiya, gwamnatin Pol Pot ta hana addini tsakanin 1975 da 1979, ta tuɓe wa malaman addinin Buddha rigunansu, kuma cikin wannan ɗan lokaci mutane fiye da miliyan ɗaya da rabi suka halaka. Yaƙin Duniya na Ɗaya da na Biyu, waɗanda suke cikin yaƙe-yaƙen da suka fi cin rayuka a tarihi, an yi su ne a kan ƙasa da mulkin mallaka da fifikon launin fata. Ba ina cewa rashin addini ne ya kashe waɗannan mutane ba, domin in na faɗi haka na aikata laifin da nake zargin wasu da shi. Abin da tarihin ya nuna shi ne mutum ba ya rasa tutar da zai taru a ƙarƙashinta: in babu addini akwai ƙabila, akwai jam'iyya, akwai ƙasa. A Ruwanda a 1994 Hutu da Tutsi mafi yawansu Kiristoci ne, an kashe kimanin mutum 800,000 cikin kwana ɗari, wasu a cikin cocin da suka fake. Somaliya kusan addini ɗaya ce da harshe ɗaya, amma ta wargaje a 1991 bisa layin dangi. Sudan kuma tun Afrilun 2023 janar-janar biyu Musulmi ke ragargaza ta.

Gaskiya ce addini yana da wani ƙarfi da kasuwa ko gona ba su da shi, domin yana iya sa mutumin Funtuwa ya ji zafin abin da aka yi a Jos kamar a ƙofar gidansa aka yi, kuma mai wa'azin da bai ji tsoron Allah ba yana iya mayar da faɗan unguwa ya zama na ƙasa baki ɗaya. Wannan nauyi ne a wuyan malamai da fastoci, kuma bai kamata a sauke musu shi ba. Amma kuskuren suna yana da tsada. Da zarar an ce rikicin addini ne, sai gwamnati ta tara limamai da fastoci a babban ɗakin taro, a yi addu'a, a ɗauki hoto, a kafa kwamitin bincike wanda rahotonsa ba ya fitowa, an bar jaki ana dukan taiki. Wanda ya sayar da burtali yana nan a ofishinsa, wanda ya murɗe zaɓen yana kan kujerarsa, takardar shaidar ɗan asalin gari da ake hana wanda kakansa aka haifa a garin ba a taɓa ta ba, kuma wanda ya yi kisan bai gurfana gaban alƙali ba.