Sabar nuni a cikin kwantena: me ya sa manhaja ke cewa ba ta ga allo ba?

Ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ya fara taɓa Docker, shirin da ke killace manhaja a keɓaɓɓen wuri cikin kwamfuta da ake kira kwantena, ko a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua yake ko a Kwalejin Hassan Usman, akwai ranar da zai girka Firefox a cikin kwantena, ya kira ta, ta amsa masa da layi guda: "cannot open display". Manhajar lafiyarta ƙalau. Wanda zai zana mata taga take nema, ba ta same shi ba. Shi wannan mai zanen shi ake kira sabar nuni.

A Linux manhaja ba ta taɓa allo da kanta. Akwai shiri guda da ke riƙe da allo da madannai da linzami, sauran manhajoji su riƙa aika masa saƙo: buɗe mini taga mai faɗi kaza, rubuta wannan a nan. Shi kuma ya riƙa kawo musu labari, an danna harafi kaza, linzami ya gusa. Wanda ya fi daɗewa yana wannan aiki shi ne X, da aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1984 a hannun Bob Scheifler da Jim Gettys. Zubi na 11 ya fito a 1987, kuma har yau da shi ake magana, shi ya sa ake cewa X11. An tsara shi ne a lokacin da manhaja kan yi aiki a wata babbar na'ura a wani gini, tagarta kuma ta bayyana a gaban ɗalibi a wani ginin daban. Don haka kowace manhaja sai an gaya mata inda sabar take, ta wani suna da ake kira DISPLAY. Idan ka ga an rubuta :0 a ciki, ana nufin sabar farko ta wannan kwamfutar, kuma ana isa gare ta ta wani soket, wato fayil na musamman da shirye-shirye ke magana da juna ta cikinsa, da ke zaune a /tmp/.X11-unix/X0.

Kwantena kuwa ba kwamfuta ta biyu ba ce, duk da haka take yi wa mutum kama. Kanel ɗin Linux, wato ƙwayar tsarin da ke sarrafa na'ura, ɗaya ne a ciki da waje, sai dai an rufe wa shirin da ke ciki ido: fayilolinsa kaɗai yake gani, da nasa jerin ayyukan, da tasa hanyar sadarwar. Dabarar ta girmi Docker nesa ba kusa ba. Unix ta samu chroot, mai killace shiri a cikin folda guda, a 1979, FreeBSD ta kawo nata kurkukun a 2000, LXC ta zo a 2008, Docker kuwa sai 2013. To /tmp na cikin kwantena ba shi ne na waje ba. Babu soket a can, ba a rubuta komai a DISPLAY ba, katin zane ma ba a nuna mata shi ba. Wato wancan saƙon da ya ɓata wa ɗalibi rai shaida ce cewa katangar tana aikinta.

Wata hanyar da ake yawan koyarwa ita ce aro. A shigar da soket ɗin waje cikin kwantena, a kwafi DISPLAY, a buga xhost +, umarnin da ke sa sabar X ta karɓi kowa, nan take taga ta fito. Da daɗi kam, kuma ba ta cin ƙarfin na'ura. Amma a nan babu wata saba a cikin kwantena, ta mai gida ce aka buɗe mata, kuma a nan ne nake da ja. X11 ya taso ne cikin mutanen da suka yarda da juna, don haka duk manhajar da ta samu shiga tana iya ɗaukar hoton allon gaba ɗaya, ta ji abin da ake dannawa a wasu tagogi, har ta danna madannai a madadin mutum. Ba kutse ba ne wannan, haka tsarin ya ba da dama, ƙananan manhajoji irin su xdotool ma da ita suke aiki. Ka sauki baƙon da ba ka sani ba a zaure don kada ya san cikin gida, sannan ka miƙa masa makullin kowane ɗaki, me zauren ya tsare?

A duba shagon kwamfuta a cikin birnin Katsina inda ake biyan kuɗin makaranta ta Remita, ana cike fom, mutane na shigar da lambobin katinsu a na'ura ɗaya tun safe har dare. Idan yaron shagon ya saukar da wata kwantena daga intanet wadda bai san wanda ya haɗa ta ba, ya ara mata allon, duk abin da aka rubuta a wannan na'ura tana iya karanta shi. Wasu za su ce ai akwai xauth, wato lambar sirrin nan da ake ajiyewa a fayil ɗin .Xauthority. Gaskiya ta fi xhost + sau dubu, domin ita xhost + kowa take buɗe wa ƙofa. Sai dai aikin lambar ya ƙare a kan wa zai shiga. Abin da zai yi bayan ya shiga, babu ruwanta.

Ainihin abin da ake nufi da sabar nuni a cikin kwantena shi ne kwantena ta tashi da tata sabar. Mafi sauƙi ita ce Xvfb, sabar X wadda ba ta da allo ko kaɗan, a cikin RAM take zanenta. Ka ce mata ta zama :99 mai girman 1280 da 720, ka nuna wa manhaja wannan lamba, shi ke nan ta samu wanda zai saurare ta. Allon nan na ƙarya bai kai megabait 4 ba a RAM. Masu gwajin shafukan intanet da Selenium sun daɗe suna amfani da ita, domin su ba sa buƙatar ganin komai, sakamako kawai suke jira. Wanda yake son gani sai ya haɗa da VNC, fasahar da ta fito daga wani ɗakin bincike a Kambirij ta Ingila a ƙarshen shekarun 1990, wadda ke ɗauko hoton allon ta aiko ta tashar 5900. TigerVNC ta haɗa sabar da mai aiko hoton a shiri guda, noVNC kuma ta sa ana iya kallo daga burauza. Ta wannan hanya manhajar ciki ba ta ganin komai sai tagogin 'yan'uwanta na ciki.

Akwai abin da kan rikita sabon shiga a nan. Taga za ta fito ba kai ba baki, ba a iya jan ta, ba a iya rufe ta. Sabar X ba ta zana wa taga gefe, aikin wani shiri ne daban mai kula da tagogi. Sai an sa irin su Openbox, ko XFCE in ana son cikakken tebur.

Tsaron nan ba kyauta ba ne. Tunda katin zane yana waje, furosesa ce ke ɗaukar nauyin zanen, kuma a kan laftof ta hannu mai RAM gigabait 4 za ka ji fanka ta tashi da zarar an buɗe bidiyo. Idan kuma kwantenar tana kan sabar haya a wata ƙasa, VNC hotuna yake aikowa, data kuwa ta san da zuwansa. Rage girman allo da yawan launi yana taimakawa sosai. A na'ura ɗaya kuwa, inda ake haɗawa ta localhost, wato na'urar na magana da kanta, ko kilobait ɗaya ba ya fita.

Wannan na ƙarshen ya shafi ɗaliban da ba su da laftof, kuma suna da yawa daga Katsina har Daura. Da wayar Android ana girka Termux, manhajar da ke ba da wurin buga umarnin Linux, a sa Debian ko Ubuntu, nau'o'in Linux, ta proot-distro, a tayar da sabar VNC a ciki, a kalle ta daga wata manhaja a wayar, ko a yi amfani da Termux:X11. Tebur ɗin Linux ke nan a tafin hannu, kuma batirin waya ya fi na tsohuwar laftof jure rashin wuta. Sai dai a sani, proot, wadda proot-distro ke aiki da ita, ruɗin hanyar fayil kawai take yi wa manhaja. Ta isa a koyi aiki, ba ta isa a tsare mugun shiri ba.

Wasu kan so su tayar da cikakkiyar sabar X, wato Xorg, a cikin kwantena ta riƙe allon gaske. Yana yiwuwa, amma sai an miƙa mata /dev/dri (katin zane) da /dev/input (madannai da linzami) da tashar rubuta umarni (tty), kuma sai sabar waje ta saki allon, domin biyu ba sa riƙe shi lokaci guda. Da yawa in sun gaji sai su buga --privileged, wanda ya kusa rushe katangar baki ɗaya. In ba allon talla ko na'urar da aikinta ɗaya ake haɗawa ba, ban ga dalilin wannan wahala ba.

Wayland, tsarin da ke maye gurbin X, da Kristian Høgsberg ya fara a 2008, ta sauya lissafin. A tsarinta manhaja ba ta ganin tagar wata, ba ta jin abin da ake danna wa wata, don haka ara wa kwantena soket ɗin wayland-0 bai kai na X11 haɗari ba. Fedora ta koma kanta a 2016, Ubuntu ma yanzu da ita take tashi. Tsofaffin manhajojin X suna bi ta XWayland, wata sabar X da ke aiki a cikin Wayland, kuma a can har yanzu suna iya leƙen junansu. Kafin ka kwafi umarnin kowa daga intanet, buga echo $XDG_SESSION_TYPE ka ga wacce kake kai. Masu Windows 11 kuwa an riga an yi musu aikin: WSLg da Microsoft ta fitar a 2021 tana tayar da Weston, wata sabar Wayland, da XWayland a wani keɓaɓɓen Linux, ta miƙo tagogin zuwa Windows ta RDP, hanyar Microsoft ta kallon kwamfuta daga nesa.