Baƙin halittu a ƙagaggun labaran kimiyya

Baƙin halittu su ne jinsunan masu rai da hankali waɗanda marubuta da masu shirya fina-finai ke ƙirƙira, su zaunar da su a wasu duniyoyi cikin gungun taurari, kowane da siffarsa da harshensa da sarautarsa. A gidajen kallo na Bauchi da Gombe, da wurin masu tura fina-finai a waya, akan ce musu dodanni ko mutanen sama, wasu kuma su ce aljanu, ko da yake a cikin labaran ba ruhohi ba ne: suna ci, suna haihuwa, suna mutuwa. Har yau kimiyya ba ta tabbatar da rai a wata duniya ba, saboda haka duk abin da aka zana a jikinsu daga mutum aka ɗebo shi, da tsoronsa da burinsa da yadda yake kallon baƙo.

Fagen labarin

Gungun taurarin da rana take ciki yana ɗauke da taurari aƙalla biliyan 100, kuma haske kan yi kimanin shekara 100,000 kafin ya ratsa shi. Tauraro mafi kusa da rana ma tafiyar fiye da shekara 4 ce ga haske. Shi ya sa kusan kowane labari na daular taurari sai ya ƙago jirgin da ya fi haske gudu, abin da ilimin kimiyya na yanzu bai yarda da shi ba. In ba haka ba, babu fatauci tsakanin jinsi da jinsi, babu yaƙi, babu labari.

Tarihi

Tunanin ya daɗe. Wajen ƙarni na 2 miladiyya, Lucian, mutumin Samosata da ke rubutu da Girkanci, ya ba da labarin yaƙi tsakanin mutanen wata da mutanen rana. A 1752 Voltaire na Faransa ya kawo wani ƙato daga wajen tauraron Sirius domin ya dubi 'yan Adam ya ga ƙanƙantarsu. Malaman Musulunci ma sun taɓa batun ta fuskar tafsiri: Fakhruddin Ar-Razi, wanda ya rasu wajen 1210, ya tattauna yiwuwar duniyoyi masu yawa, kuma masu tafsiri sun saɓa a kan ma'anar dabbobin da aya ta 29 ta Suratus Shura ta ce an watsa a sammai da ƙasa.

Duniyar Mars ce ta raini wannan fanni. A 1877 masanin taurari ɗan Italiya, Giovanni Schiaparelli, ya ce ya hango wasu layuka a kanta. Kalmar da ya yi amfani da ita tana nufin hanyoyin ruwa, amma da ta shiga Ingilishi sai aka ɗauke ta a matsayin magudanan da aka haƙa da hannu. Percival Lowell na Amurka ya kafa wurin duban taurari a 1894, ya shafe shekaru yana zana waɗannan magudanai, yana cewa aikin wata al'umma ce da fari ya ci ƙarfinta. Layukan ruɗin ido ne. Kumbon Mariner 4 da ya wuce kusa da Mars a 1965 ya aiko da hotunan ramuka da busasshiyar ƙasa.

Kafin nan marubuta sun riga sun yi nisa. A 1898 H. G. Wells ya fitar da littafinsa na yaƙin duniyoyi, inda mutanen Mars suka sauka Ingila da makaman da babu mai iya tare su, suka tarwatsa sojoji, ƙarshe ƙwayoyin cuta ne suka kashe su. A babin farko Wells ya tuna wa masu karatu abin da Turawa suka yi wa 'yan asalin tsibirin Tasmaniya na Ostireliya, wato dai ya juya mulkin mallaka ne ya ɗora shi a kan masu yin sa. Mai karatu daga wannan yanki ba ya buƙatar dogon bayani. Shekara huɗu bayan fitowar littafin, a 1902, rundunar Turawan Ingila ta shiga Bauchi, kuma a watan Yuli na 1903 aka yi yaƙin Burmi, a ƙasar Gombe ta yau, inda Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada tare da ɗimbin mabiyansa. Baƙon da ya zo daga nesa da bindiga mai aman harsashi, wanda ba a san harshensa ko nufinsa ba, a nan tarihi ne da kakanni suka gani da ido.

Daga 1926 mujallun labaran kimiyya na Amurka suka yawaita, tare da dodanni masu manyan idanu a bangonsu. Siffar nan ta ɗan gajere mai launin toka da ƙaton kai ta bazu ne daga shekarun 1960.

Siffofi

Mafi yawansu kamar mutum suke: kai ɗaya, hannu biyu, ƙafa biyu. Dalilin na aljihu ne. A talabijin mutum ne ke sanya kayan, kuma manna masa kunne mai tsini ya fi sauƙi a kan ƙera sabuwar halitta. Akwai kuma masu zaman tururuwa a ƙarƙashin uwa ɗaya, da masu kama da ƙadangare, da waɗanda ba su da jiki.

Harsuna

Nan ne aka fi zuba ƙwazo. Da farko surutu kawai ake yi, ko a ari harshen wasu mutane a liƙa wa dodo. A fim ɗin Star Wars na 1983, wani matuƙin jirgi baƙon halitta ya yi magana da Kikuyu, ta bakin wani ɗalibi ɗan Kenya, kuma da fim ɗin ya isa Kenya masu kallo sun ji abin da yake faɗa sarai. Harshen wani jinsin a jerin fina-finan Star Wars an gina shi a kan sautukan Kecuwa, harshen mutanen tsaunukan Peru. Wasu na ganin wannan karramawa ce, wasu na ganin raini ne a mai da harshen mutane kukan halittar da ba mutum ba.

Klingon, ƙagaggen harshen wani jinsin baƙin halittu, ya bi wata hanya. Masanin harshe Marc Okrand, wanda ya yi digirinsa na uku a kan wani harshen 'yan asalin Kalifoniya, ya tsara shi domin fim ɗin Star Trek na 1984, ya buga ƙamus a 1985. Da gangan ya zaɓi abin da harsunan mutane ba su cika yi ba, har ya sa abin da aka aikata a farkon jimla, mai aikatawa a ƙarshe, kamar a ce "tuwo ci Audu". An kafa cibiyar nazarin harshen a 1992. Paul Frommer kuma ya tsara harshen Na'vi domin fim ɗin Avatar na 2009, ya sa masa sautuka masu tunkuɗo iska daga maƙogwaro saboda su yi wa kunnen Bature baƙunta. Ɗaya daga cikinsu, wanda ake rubutawa kx, shi ne ƙ na Hausa, wanda yaro a Wunti ko Jekadafari ke furtawa a kalmomin "ƙofa" da "ƙasa" ba tare da ya san wani abin mamaki ba ne.

Al'adu

Babban raunin fannin shi ne duniya guda a ba ta hali guda. Wannan jinsi duk mayaƙa ne, wancan duk 'yan kasuwa, na uku duk masu sanyin hankali. Wata duniyar duk hamada, wata duk ƙanƙara. Wanda ya taɓa hawa mota daga Bauchi zuwa Kaltungo zai yi wuya ya yarda da haka. A jihohin Bauchi da Gombe akwai Hausawa da Fulani da Zaar da Jarawa da Gerawa da Bolawa da Tera da Tangale da Waja da gomman wasu, kowa da harshensa da aurensa da yadda yake binne mamacinsa, kuma a cikin kowace ƙabila akwai jarumi da matsoraci. Labaran da suka fi ƙarko su ne waɗanda suka bar wa baƙin halittu saɓani a junansu: talaka da basarake, mai riƙo da al'ada da mai bijire mata.

Iƙirarin da aka yaɗa daga 1976 cewa baƙin sama ne suka koya wa ƙabilar Dogon ta Mali ilimin tauraron Sirius bai samu karɓuwa ba. Binciken da Walter van Beek ya wallafa a 1991 bai tarar da wannan ilimi a tsakaninsu ba.

A Najeriya da ƙasar Hausa

Hausa ta shiga fagen da wuri. A 1969, shekarar da mutum ya taka wata, Umaru Dembo ya wallafa Tauraruwa Mai Wutsiya, labarin wani yaro da baƙo daga sama ya ɗauka yawon sararin samaniya. Kaɗan ne suka bi sawunsa, domin adabin kasuwa da ya bunƙasa daga shekarun 1980 ya fi karkata ga soyayya da zaman aure, labaran ban al'ajabi kuma suka zauna wurin aljanu da matsafa. A Ingilishi, Nnedi Okorafor ta saukar da baƙin halittu a Legas a littafinta na 2014, Tade Thompson kuma ya ci lambar yabon ƙagaggun labaran kimiyya ta Arthur C. Clarke a 2019 da labarin wani gari da ya tsiru a Najeriya kewaye da wata baƙuwar halitta.