Lambun lemu da mangwaro a Kebbi: tambayoyi da amsoshi

Shin lemu yana yi a ko'ina cikin Jihar Kebbi?

Ya fi samun sauƙi a kudu, wajen Zuru da Yawuri, inda damina ta fi tsawo. A Argungu da Birnin Kebbi kuwa sai mai rijiya ko wanda lambunsa ke bakin fadama, domin bishiyar da ta sha ƙishirwa a bazara takan zubar da fure da ƙananan 'ya'yanta.

Me ya sa malaman gona suke nacewa a kan dashe mai aure?

Lemun da aka shuka daga ƙwaya yakan kai shekara 6 zuwa 8 bai haihu ba, alhali mai aure, wato wanda aka haɗa reshen irin da ake so a kan gindin wani lemu, yana farawa a shekara 3 ko 4. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne irin gindin da aka yi auren a kansa. Cutar tiristeza, wadda darɓa ke yaɗawa, ta kashe miliyoyin bishiyoyi a Barazil da Ajantina cikin shekarun 1930 da 1940, saboda an aura su a kan lemu mai ɗaci, shi ya sa masu bincike suka koma ga gindi mai jure cutar, irin su Kiliyofatara. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa, NIHORT, wadda aka kafa a Ibadan a 1975, tana da reshe a Bagauda ta Jihar Kano, kuma a ganina tafiya can ta fi sayen dashen bakin hanya wanda ba a san asalinsa ba.

Mene ne ke sa gindin lemu fitar da ƙaro?

Yawanci ruɓar gindi ce da danshi ke jawowa. Kada a binne mahaɗar auren a ƙasa, kuma a yi wa bishiyar kunya a kewaye yadda ruwan ban ruwa ba zai kwanta a jikinta ba.

Tsutsar cikin mangwaro da gwaiba fa?

Daga ƙwan wani ƙuda take fitowa, ɗan asalin Asiya, wanda aka fara gani a Afirka a Kenya cikin 2003. Macen tana huda ɓawo ta yi ƙwai, tsutsar ta ci naman, sannan ta shiga ƙasa ta rikiɗe. Saboda haka a riƙa tsince 'ya'yan da suka faɗo ana binne su da zurfi, ko a ɗaure su a baƙar leda a bar su a rana. Dole maƙwabtan lambu su yi wannan tare, domin ƙudan yana tsallaka shinge.