Abin da dokar kayan tarihi ta ɗora wa masu cocin Annandale

A unguwar Annandale da ke birnin Sidni a Ostireliya akwai cocin Hunter Baillie na ɗarikar Firesbiteriyan, ginin dutse mai hasumiya mai tsini, tsayinta mita 56. Matar John Hunter Baillie ce ta biya kuɗin ginin don tunawa da mijinta, aka buɗe shi a 1889. Tun Afrilun 1999 yake cikin rajistar kayan tarihi ta jihar New South Wales.

Mutane kan ɗauka cewa da zarar gini ya shiga rajistar, gwamnati ta karɓe shi ke nan. Ba haka ba ne. Coci yana hannun masu shi, ana ibada kamar kullum. Sai dai Dokar Kayan Tarihi ta 1977, a sashe na 57, ta hana a rusa shi, ko a lalata, ko a sauya masa fasali, sai da amincewar Majalisar Kayan Tarihi ta jihar. Ƙananan gyare-gyare kam an yi musu rangwame.

Tsufa kaɗai ba ya isa a saka gini cikin rajistar. Ma'aunai 7 ake dubawa, ciki har da alaƙar wurin da tarihi, kyawun aikinsa, ƙarancin irinsa, da matsayinsa a zukatan jama'a. Majalisar ta ba da shawara, minista ya yanke hukunci.

A ganina, sashe na 118 ne ƙashin bayan dokar. Wanda aka hana rusau yana da wata dabara: ya naɗe hannu, rufi ya yi ta yoyo, ruwa ya ci dutse, har wata rana a ce ginin ya zama haɗari. Sashen ya toshe wannan ƙofa. Dole mai gini ya kare shi daga ruwa da gobara da masu fasawa, ya riƙa dubawa yana gyara.

Nauyin ba ƙarami ba ne. Gyaran irin wannan hasumiya sai ƙwararrun masassaƙa dutse, kuma kuɗin baikon ranar Lahadi ba lalle ya isa ba. Jihar na ba da tallafi, amma sai an nema an dace. Tunda duk mai bi ta titin Johnston yana morar kyawun ginin, bai kamata a bar wa masu ibada kaɗai ɗawainiyarsa ba.