Auna Aikin Ƙwayoyin Gado a Cikin Tantani Guda

Kusan kowane tantani (ƴar ƙaramar ƙwayar halitta da jiki ya ginu da ita) a jikin ɗan Adam yana ɗauke da DNA iri ɗaya, wato sinadarin da ke riƙe da bayanan gado, mai ƙunshe da ƙwayoyin gado wajen 20,000 da ke ba da umarnin ƙera furotin. Abin da ya raba tantanin hanta da na ƙwaƙwalwa shi ne waɗanne ne daga cikinsu ke aiki, kuma da wane ƙarfi. Duk ƙwayar gadon da ke aiki takan fitar da kwafin saƙonta a siffar wani sinadari da ake kira RNA, saboda haka ƙirga waɗannan kwafi ne ma'aunin aikinta.

A da, akan markaɗe tsoka mai dubban tantani a auna ta gaba ɗaya. Wannan kamar mutum ne ya auno gero da dawa da masara a kasuwar Tudun Hatsi ta Gombe ya kai niƙa a haɗe: garin zai nuna abin da ya fi yawa, amma ɗan tsirarun hatsin da ya sha bamban ya ɓace ke nan. A 2009 Fuchou Tang da abokan aikinsa, a ɗakin binciken Azim Surani da ke Kambirij a Ingila, suka karanta RNA na tantani guda daga ɗan tayin ɓera. A 2015 masana a Jami'ar Harvard suka fito da hanyoyin Drop-seq da inDrop, waɗanda suka kai adadin zuwa dubbai a gwaji ɗaya.

A waɗannan hanyoyi, akan warware tsokar zuwa tantani ɗai-ɗai, sannan na'ura ta kulle kowanne a cikin ɗigon ruwa da mai ya kewaye, tare da wani ɗan ƙwallo mai ɗauke da lambar shaida tasa shi kaɗai. Tantanin ya fashe, RNA ɗinsa ya maƙale a jikin ƙwallon, a mayar da shi DNA, a ninka shi ta hanyar yin kwafi da ake kira PCR, a karanta. Lambar ce ke sa kwamfuta ta mayar da kowane saƙo ga tantanin da ya fito.

Hanyar tana da tsada, kuma kaɗan daga RNA ɗin tantani take kamawa, shi ya sa sifili a sakamako ba lallai ya nuna ƙwayar gadon ba ta aiki ba. Duk da haka, da ita aka gano wani tantani da ba a san da shi ba a hanyar iskar huhu a 2018, kuma a 2019 Cibiyar bincike ta Sanger da ke Ingila ta bi ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ɗaya bayan ɗaya, daga cikin sauro zuwa hanta da jini.